Daga Wabi Zuwa Asibitin Ƙofar Mata: Tarihin Amosanin Jini a Birnin Kano

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano, ko a Dala ne ko Yakasai ko Madabo ko Alfindiki, in dai shekarunsa sun ɗan ja, ba zai rasa sanin wani dattijo da ake kira Ajuji ko wata gyatuma da ake ce wa Ayashe ba, kuma ko da bai taɓa bin diddigin sunan ba, ya san dai ba shi liman ya raɗa ranar suna ba, laƙabi ne da kakanni kan liƙa wa jaririn da ya zo bayan uwarsa ta binne biyu ko uku ko fiye da haka. Irin wannan mace ita ake cewa tana wabi, abin da ta haifa kuwa ɗan wabi. Kuma saboda tsananin abin da gidajen birnin nan suka sha ta wannan fuska tun zamanin da ba a fara rubuta tarihi ba, sai al'adu masu yawa suka taru a kan lamarin, waɗanda duk manufarsu guda ce, wato a nuna wa abin da ke ɗauke yaran, ko iska ne ko maye ko kambun baka, cewa wannan da ya zo ba wanda ya ɗora rai a kansa. Sai a kai shi a kwantar a kan juji na ɗan lokaci har wata tsohuwa ta ɗauko shi da sunan tsintuwa, ko a huda masa kunne alhali kuwa namiji ne, ko a ce an sayar da shi a riƙa kiransa Bawa. Malaman zaure ba su taɓa yarda da zancen tsofaffi na cewa yaro guda ne ke tafiya yana komowa ba, domin a wurinsu rai in ya fita ba shi da sauran dawowa duniya. Amma da yake su ma a cikin waɗannan gidaje suke, kuma nasu 'ya'yan ba su tsira ba, sai suka ba da abin da ke hannunsu, wato rubutun sha da laya da addu'a da horo da haƙuri.

Lalle abin da ke kashe ƙananan yara a wancan zamani yana da yawa, akwai ƙyanda, akwai agana, akwai gudawar yaye da zazzaɓin damina, kuma duk wanda ya ce cuta guda ce ta haifar da wabi ya yi ƙarin gishiri. Amma akwai wani nau'i wanda ya fita daban, wanda ungozomomi suka san tafiyarsa daki-daki. Za a haifi yaro ɓul-ɓul ba aibu ko ɗaya, a yi suna rana ta bakwai, wanzami ya yi masa aski ya cire masa beli, uwa ta gama wankan jego ta sha kunun kanwarta ta yi arba'in ta koma ɗakinta, yaro yana ta ƙiba har wata uku, wata huɗu, kowa ya saki jiki. Sai wajen wata na shida, daidai lokacin da ake koya masa zama, a wayi gari bayan hannuwansa da na ƙafafunsa sun kumbura sun yi zafi rau, yana tsala kukan da nono ba ya tsayar da shi. Bayan ɗan lokaci farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, tafin hannunsa ya yi fari fat, in an taɓa gefen cikinsa na hagu a ji saifa ta sauko ta yi tauri. Wani zazzaɓin yini guda ne zai tafi da shi. Wanda ya yi tsawon rai kuwa sai ya tashi siriri, yana fama da ciwon ƙashi wanda kan taso galibi da hunturu ko in ruwan sama ya dake shi. Ƙanensa ko ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, wani ya biyo sawunsa, wani kuma ya tashi garau ko ciwon kai ba ya yi.

Malaman ɗibbu na birnin, waɗanda suka karanta littafin nan Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikima da ake jingina wa Imam Suyuɗi, da risalolin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa a kan magunguna, sun gina fahimtarsu ne a kan ɗabi'o'i huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, kuma a bisa wannan ƙa'ida ciwon da sanyi ke tayar da shi sanyi ne asalinsa, da kishiyarsa ake maganinsa. Saboda haka aka kira shi amosani, aka kira shi sanyin ƙashi, in ido ya canza kuma a ce shawara ce ta shiga. Uwa ta aika Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a sayo citta da masoro da kanumfari da kimba a wurin masu kayan yaji, a biya rumfar 'yan magani a karɓo saiwar rawaya saboda shawarar, a jiƙa a ɗura wa yaro, a gasa masa gaɓoɓi da ruwan zafi, a ɗumama ɗaki da garwashi. In saifa ta ƙi komawa a kira wanzami ya yi tsaga a kanta. Adalci shi ne a ce rabin wannan tadbiri daidai ne, domin ɗumi da yawan shan ruwa har gobe likita yana umurni da su. Amma zubar da jinin yaron da jini ne bai ishe shi ba, wannan kam ƙarin wahala ne aka yi masa da kyakkyawar niyya. Abin da ba a sami wanda ya tsaya ya warware ba shi ne mas'alar waɗancan watanni na farko: in har da cutar aka haife shi, ina ta ɓuya har wata shida?

Kafin a zo ga jawabin wannan, ya kamata a san dalilin da ya sa cutar ta yi katutu a ƙasar nan, kuma dalilin yana kwance a bayan gidajenmu. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, tun daga ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara har zuwa soraye da zauruka, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini an bar kududdufi, wanda damina kan cika shi ya kwana da ruwa har tsakiyar rani. Baturen nan Clapperton da ya shigo a 1824 ya ba da labarin fadamar Jakara da ta raba gari biyu, Barth kuma, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, suna ninkawa lokacin fatauci, ya koka da ruwan da ke kwance tsakanin gidaje, shi kansa ma sai da zazzaɓi ya kayar da shi. Ba wanda ya san sauro ne ke kai wannan zazzaɓi sai a 1897 da Ronald Ross ya tabbatar da haka a Indiya. Sa'an nan a 1954 Anthony Allison, da ya yi bincike a gabashin Afirka, ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila, wato amosanin jini, daga ɓangare guda kaɗai, wato wanda a yau muke cewa AS, yana da kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro mai kashe yara. Ke nan a garin da sauro ke tankaɗe yara kowace damina, masu AS sun fi tsira su girma su hayayyafa, har aka wayi gari kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ita; in kuwa biyu irinsu suka yi aure, kowane ciki yana da rabon ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wanda shi ne mai cutar.

Hujja mafi ƙarfi a kan yadda abin yake a da ba daga nesa ta zo ba, daga Garki ta zo, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan wannan gunduma, kuma Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka auna jinin dubban mutane. Suka tarar kimanin biyu cikin ɗari na jarirai da SS ake haihuwarsu, amma da suka duba waɗanda suka haura shekara tara, da ƙyar ake samun mutum guda cikin dubu biyu. Sauran duk ƙasa ta rufe su tun ba su yi wayo ba. Wannan ne ya sa dattawa kan ce a zamaninsu babu sikila, cutar zamani ce. Gaskiyarsu ta fuskar cewa ba su ga babba mai ita ba, amma masu ita an haife su, sunansu kawai aka sa a lissafin wabi.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai a zamanin Sarki Abdullahi Bayero Hukumar En'e ta kafa asibitin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976 aka sa masa sunansa. Da farko mutanen gari ba su sake da shi ba, ana ganin wurin yanka ne da kafirci, sai sannu a hankali mata suka fara kai yara. Ilmin da likitocin wurin suka zo da shi game da wannan ciwo shi ma a lokacin jariri ne. A 1910 ne wani likita a Shikago, James Herrick, ya ba da labarin jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada, wanda a ƙarƙashin madubin likita aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe sun yi siffar lauje. A 1949 Linus Pauling ya nuna cewa illar tana cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launinsa yana ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi. Bayan shekara bakwai zuwa takwas kuma Vernon Ingram a Kambirij ya gano cewa tubali guda ne tak ya sauya, a gurbi na shida na silsilar da ake kira beta. Wannan ɗan sauyi ke sa himogulobin, da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko, ya manne da 'yan'uwansa su yi sanda a cikin ƙwayar jini, ta ƙage, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta kuma mutu cikin kwana goma zuwa ashirin maimakon kwana 120.

Waccan tambaya kuwa, ta ina cutar ke ɓuya har wata shida, wata likitar yara ce a Niyok, Janet Watson, ta amsa ta a 1948, ba tare da ta san an taɓa yin ta a nan ba. Ta lura jinin jariran da ke da cutar ba ya lanƙwashewa sosai sai bayan wasu watanni, ta ce sababin shi ne ɗan tayi da wani himogulobin dabam yake rayuwa a ciki. Haka kuwa abin yake. Jinin ciki, wanda likitoci ke yi wa alama da harafin F, an halicce shi da ƙarfin fizgo iska daga jinin uwa, kuma a madadin silsilar beta, da wata silsila ake gina shi mai suna gama, wadda kuskuren sikila bai shafe ta ba, ba ta kuma shiga cikin waccan sanda, bal ma takan hana ta haɗuwa. Ranar haihuwa kusan kashi uku cikin huɗu na himogulobin jariri irin na ciki ne. Daga nan ya riƙa raguwa na manya yana maye gurbinsa, har ya zama a jikin baligi lafiyayye bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ga mai AA, wato wanda bai gaji sikila ba, wannan musanya ba ta da wata illa. Ga mai SS kuwa ita ce ranar da wa'adinsa na lafiya ke cika.

To, ina umurnin yin jinin ciki ke tafiya bayan haihuwa? Ba ya tafiya ko'ina, kuma a nan ne hikimar take. Kowace ƙwaya ta jikin ɗan'adam mai cibiya, ta ido ce ko ta hanta ko ta ɓargo, tana ɗauke da rubutun gado iri ɗaya, wanda ake kira DNA, mai haruffa wajen biliyan uku da aka tsara daga baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace da abin da take umurni a ƙera. Abin da ya raba ido da hanta ba bambancin rubutu ba ne, bambancin abin da aka yarda a karanta ne. In za a buga misali, a dubi kundin malami a zaurensa: warƙoƙi ne ba ɗinki, an kasa su babi-babi, kowane kashi a cikin tadarishinsa an naɗe da tsirkiyar fata an sa a gafaka an rataye. Almajiri ba ya kwafar kome sai babin da aka kwance aka miƙa masa; sauran suna nan, ko ɗigo bai goge ba, amma muddin suna ɗaure ba wanda zai amfana da su.

Masu kwancewa da ɗaurewa a cikin ƙwayar jiki wasu furotin ne waɗanda aka ba su ikon gane wani gajeren jerin haruffa a goshin ƙwayar gado, su sauka a kansa. Waɗansu in sun sauka sai su kirawo injin kwafa ya fara aiki, waɗansu kuma su tare masa hanya. Malamai biyu na Faransa, François Jacob da Jacques Monod, su suka fara bayyana wannan a 1961 a jikin ƙwayoyin bakteriya na hanji, inda suka ga wani furotin yana hana karanta umurnin narkar da sukarin madara har sai madarar ta samu. A jikin mutum kuwa an ƙidaya irin waɗannan masu iko da kwafa wajen 1,600. Sai dai furotin baƙo ne a kan DNA, yana sauka yana tashi, alhali rufewar da ake bukata ta tsawon rai ce, kuma ɓargo kullum cikin rabuwa yake yana haifar da sababbin ƙwayoyi. Ta yaya 'ya za ta san abin da uwarta ta rufe? A 1975 Robin Holliday da John Pugh a Landan, da Arthur Riggs a Kalifoniya, suka kawo shawarar cewa akwai tambari da ake bugawa a jikin rubutun kansa. Tambarin ɗan ƙanƙanin sinadari ne mai suna metil, ƙwayar kabon guda da haidirojin uku, wanda ake maƙala wa harafin C a inda G ke biye da shi. Bai sauya harafin ba, C tana nan C, amma in ya yi yawa a goshin ƙwayar gado abu uku kan faru: waɗansu masu buɗewa su kasa sauka, waɗansu furotin masu gane metil su zo su gayyato wata ƙungiya da za ta ƙara matse zaren DNA a jikin dunƙulallun furotin da yake naɗe a kansu, waɗanda ake kira histon, har wurin ya ƙulle, sa'an nan in ƙwaya za ta rabu biyu, akwai wani sinadari mai suna DNMT1 wanda aikinsa ke nan ya bi sabon kwafi yana buga tambarin a duk inda tsohon ke da shi. Da haka rufewa ke zama gado daga ƙwaya zuwa ƙwaya.

A kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin ƙunshin zaren DNA, ƙwayoyin gadon silsilar beta da danginta suke jere bi da bi, bisa tartibin da ake amfani da su: ta farkon ciki, sai gama guda biyu, sai na manya. Da masana suka duba a farkon shekarun 1980, sai suka ga goshin gama a hantar ɗan tayi, inda ake ƙera jini a lokacin, ba shi da metil, amma a ɓargon babba ya sha tambari. Ma'anar wannan ga mai amosanin jini babba ce ƙwarai, domin ta nuna yaron da ke birgima don ciwon ƙashi yana ɗauke da maganinsa lafiya lau a cikin ɓargonsa, rufe shi kawai aka yi. Shaidu kuwa sun riga sun gabata. A 1955 George Edington da Hermann Lehmann sun tarar da wasu manyan mutane a Gwalkwas, wato Gana ta yau, waɗanda awo ya nuna ba su da himogulobin A, wato lafiyayyen na manya, ko kaɗan, amma suna cikin ƙoshin lafiya, saboda jinin cikinsu bai rufe ba har girma. Haka nan mutanen Ƙaɗif da Ahsa'u a gabashin Saudiyya suna da sikila, amma tasu ta fi tamu sauƙi nesa ba kusa ba, don irin da suka gada yana barin jinin ciki da yawa, namu kuwa na yankin Nijeriya yana rufe shi ƙwarai.

A 1982 Joseph DeSimone da Paul Heller a Shikago suka ba gwaggon biri wani maganin sankarar jini mai suna azasaitidin, wanda aka san yana hana buga metil, sai jinin ciki ya tashi a jikin birran fiye da yadda kowa ya zata. Kafin shekarar ta ƙare Timothy Ley da Arthur Nienhuis sun jarraba shi a jikin mutum, ya yi aiki. Amma tsoron kada ya jawo sankara ya hana a ci gaba da shi, sa'an nan saɓani ya tashi tsakanin malaman fannin. Waɗansu suka ce cire tambarin ne ya buɗe gama; waɗansu, irin su David Nathan a Bostan da George Stamatoyannopoulos a Siyatil, suka ce a'a, maganin dai yana kashe ƙwayoyin ɓargo masu saurin rabuwa ne, ɓargo ya shiga ƙunci ya riƙa ƙera jini da gaggawa, jinin gaggawa kuwa yakan zo da F. Don su kafa hujjarsu suka ɗauko wani tsohon sinadari da aka fara haɗawa a Jamus tun 1869, haidiroksiyuriya, wanda ba ruwansa da metil. A 1984 Orah Platt ta ba masu sikila biyu, jinin cikinsu ya ƙaru. A 1995 aka tsayar da wani gwaji na mutum 299 ƙarƙashin Samuel Charache tun wa'adinsa bai cika ba, domin ta bayyana masu shan maganin tashin ciwonsu ya ragu da kusan rabi, a 1998 kuma Amurka ta halatta shi. Ni a ganina ba a cika samun jayayyar malamai da ta haifi alheri irin wannan ba, tun da maganin da aka ɗauko don a kayar da abokin muhawara shi ne yau ake raba wa yara a Ƙofar Mata.

Mai rufewar kansa ba a san shi ba sai a 2007 da 2008, sa'ad da binciken gadon dubban mutane a Ingila da tsibirin Sadiniya ya nuna wani wuri a kan kuromosom na 2, kana Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Bostan suka tabbatar cewa furotin BCL11A shi ne ke danne gama. Daga baya aka ga yana sauka ne a kan wasu haruffa shida a goshinta, yana jawo waccan ƙungiya mai matse histon. Tsohuwar mas'alar kuwa, shin metil sababi ne ko kuwa alama ce kawai da ke biyo bayan rufewa, ta jira har 2025, lokacin da masana a Sidni ta Ostireliya tare da na asibitin St Jude a Amurka suka kankare tambarin daga goshin gama kaɗai, ba su taɓa harafi ko ɗaya ba, ta buɗe, suka mayar da shi, ta sake rufewa. Kafin wannan ma an riga an yi magani da ilmin BCL11A: ana ɗebo ƙwayoyin asali na ɓargon majiyyaci, a yi amfani da dabarar CRISPR a yanke ɗan wurin da ke tayar da BCL11A a ƙwayoyin jini, a ƙone tsohon ɓargo da magani mai tsanani wanda kan iya hana haihuwa, a mayar masa da gyararrun. Wata mace Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa a 2019, a ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka halatta shi da sunan Casgevy, bayan 29 daga cikin 31 da aka bibiya sun shekara ba tashin ciwo mai tsanani. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum guda. A Nijeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar masu cutar wajen 150,000 kowace shekara, wannan labari ne na ji da kunne.

Abin da ya shafe mu kai tsaye a cikin garin nan aka yi shi. Daga cikin mafi munin abin da amosanin jini ke jawowa akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami kimanin yaro ɗaya cikin goma kafin ya kai shekara ashirin. Akwai awon da ke nuna wanda ke cikin haɗari tun abin bai auku ba: a kwantar da yaro, a shafa masa ɗan mai a gefen goshi gaba da kunne, a ɗora kan na'ura, sai a ji motsin jini a jijiyar ƙwaƙwalwa yana fita fuu, fuu, lamba kuma tana bayyana a allo, in ta kai santimita 200 a daƙiƙa, jijiyar ta ƙuntata. A Amurka tun 1998 maganin irin wannan yaro shi ne ƙarin jini kowane wata, abin da ba mai yiwuwa ba ne ga dubban yaran da ke da kati a Asibitin Murtala da na Hasiya Bayero, inda leda guda ta jini sai dangi sun taru. Saboda haka likitocin Kano, cikinsu har da Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci da Binta Jibir, tare da Halima Bello-Manga ta Kaduna, da Michael DeBaun da Muktar Aliyu na Jami'ar Vanderbilt, suka tsara gwaji don a ga ko haidiroksiyuriya za ta wadatar. Tsakanin 2016 da 2018 suka ɗauki yara 220 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu waɗanda awonsu ya nuna haɗari, a asibitocin Kano da Kaduna, har da na Malam Aminu Kano da na Murtala, aka ba rabi miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu kullum, rabi kuma 20, ba likita ba iyaye ba wanda ya san kason da yaro ya faɗa. Da aka buga sakamakon a 2022, uku ne suka sami shanyewa a kashi na farko, biyar a na biyu, wato ƙasa da biyu cikin ɗari a shekara, alhali irin waɗannan yara in an bar su ba magani, wajen goma cikin ɗari ke faɗuwa kowace shekara. Masu shan 20 ɗin kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Da wannan bincike na Kano ake kafa hujja yanzu a sauran ƙasashen da jinin ƙari ke wuya.

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta awon jini kafin ɗaurin aure, har da na sikila, kuma wannan zai rage masu zuwa nan gaba in waliyyai da limamai sun riƙe ta da gaskiya. Amma waɗanda aka riga aka haifa doka ba ta da abin da za ta yi musu. Duk wanda Allah ya ba shi ɗa ko jika mai SS, to, daga shekara biyu har zuwa goma sha shida ya kai shi a yi masa awon jijiyar kai sau ɗaya kowace shekara, ya kwantar da shi cikin gidan sauro, kuma in likita ya ɗora shi a kan haidiroksiyuriya, kada a daina ba shi don an ga ya sami sauƙi, domin da zarar an daina, cikin 'yan watanni jinin cikin nan zai koma ƙasa kamar da.